Daga Caina Zuwa Illo Kafin A Yanka Rago

Bari in fara da abin kunyata tun kafin wani ya riga ni faɗa. Sati na biyu da fara zama a shagon Kawu Sani, ina ɗan shekara goma sha huɗu, na gaya wa wata tsohuwa cewa hanyar Makka hawa ce, dawowa kuma gangara.

Ga yadda aka yi. Inna Tumba mai sayar da busasshen kifi za ta Umara. Kawu ya yankar mata tikitin jirgin sama daga Kano zuwa Jidda, ya fita alwala, ya bar min takardar in karanta mata. Na duba, tashi sha biyun rana, sauka shida da rabi na yamma. Na ƙirga da yatsu na ce, "Inna, awa shida da rabi za ki yi a sama." Na juya na dawowa, tashi goma na safe, sauka sha biyu da rabi. Awa biyu da rabi ke nan.

Inna Tumba ta tsura min ido ta ce, "To mi ya sa zuwa ya hi dawowa nisa, ɗan nan?"

Ni kuwa a lokacin gara in faɗa rijiya da in ce ban sani ba. Na gyara zama na ce mata Makka a kan tudu take, jirgi sai ya yi nishi kafin ya hau, amma a dawowa direba kashe inji yake yi ya sako shi. Ta yi kabbara, ta ba ni kifi biyu. Kafin la'asar duk kasuwar Illo ta ji cewa ƙasa mai tsarki a sama take, kuma yaron Sani ne ya gani da idonsa a kwamfuta.

Kawu bai buge ni ba, kuma da ya buge ni da ya fi sauƙi. Ya zaunar da ni gaban bango, ya nuna min agogo huɗu da nake ɗauka uku daga cikinsu lalatattu ne. Ya ce na farko namu ne. Na biyu na Makka, yana gabanmu da awa biyu, kuma Habasha ma da shi suke aiki. Na uku Dubai, awa uku. Na huɗu Caina, awa bakwai cur.

"Tikiti ba ya ƙarya," in ji shi, "amma da agogon gari biyu yake magana. Lokacin tashi na garin da anka tashi ne, lokacin sauka na garin da anka sauka. Zuwa awa huɗu da rabi, dawowa awa huɗu da rabi. Tashi ka mayar mata da kihinta."

Na mayar da guda, don na riga na cinye ɗayan.

Yanzu shekarata goma sha takwas, wato na tsufa a sana'a, baya na ma ya fara ciwo. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne abokaina da ke zuwa cajin waya a shagonmu. Suna ganina zaune a inuwa ƙarƙashin fanka sai su ce, "Nafi'u ai kai ka huta, danna waya kawai kake yi." To ku zauna ku ji. Danna waya kowa ya iya, har akuyar gidanmu ta taɓa taka wayar Kawu ta kira wani mutum a Parakou, can cikin ƙasar Benin. Sana'armu lissafin nisa ne da lissafin lokaci, kuma wanda ya kuskure a cikinta, mutum yake zubarwa a wata ƙasa inda ba ya jin ko kalmar ruwa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai kwamfutar cinya wadda sai an dafa mata baya da buhun gero take tsayuwa. Akwai firinta mai halin jaki, ranar da kake sauri ranar take tauna takarda. Akwai batir da sola, da layin waya biyu, na gida da na Benin, don a Illo idan sabis ɗinmu ya yi fushi sai mu ari na maƙwabta. Amma abin da Kawu ya fi ji da shi ƙwallon duniya ne irin na makaranta, wanda ya lotsa a wajen Amurka ta Kudu, da zaren ɗinki ja. Da zaren muke nuna wa mutum nisan tafiyarsa. Ka kafa yatsa a Kano, ka ja zare zuwa Jidda, ka ƙulla. Wannan ƙullin kilomita dubu uku da 'yan ɗari ne, awa huɗu da rabi a zaune. Daga nan duk inda mutum zai je sai mu auna masa da wannan ƙullin. Mu ce tafiyarka Jidda biyu ce, ko Jidda uku da rabi. Mutanenmu ba su san kilomita a sama ba, amma kowa yana da wanda ya je Makka ya dawo da kumburin ƙafa.

Babban aikina shi ne takardar hanya. Tikiti da Turanci yake fitowa, cike da lambobi. Ni kuma in ɗauki farar takarda in rubuta wa matafiyi da Hausa, na boko ko ajami, yadda zai gane. Zan rubuta masa ranar da zai bar gida, motar da zai shiga, awa nawa zai zauna a jirgi na farko, garin da zai sauka ya jira, awa nawa zai jira, da ƙarfe nawa ne a Illo a duk inda ya tsinci kansa. Wannan na ƙarshen saboda masu shan maganin hawan jini da na sukari ne, da kuma masu kiran gida. Akwai wani ɗan kasuwa da ya sauka Caina da hantsi, ya kira matarsa yana faɗa wai me ya sa har yanzu ba a kai yara makaranta ba. A Illo ko zakara bai yi cara ba.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai masu Umara, akwai 'yan kasuwar kayan mashin da sola masu zuwa Dubai da Caina, akwai masu kai mara lafiya Indiya ko Masar. Wani Bafulatani dattijo, Ardo muke ce masa, da na gaya masa zai yi awa huɗu da rabi a sama, tambaya ɗaya ya yi min. Ya ce a ina jirgin yake tsayawa a sha ruwa. Na ce ba ya tsayawa. Ya ce to wannan ba mai tausayin dabba ba ne. Wani kuma ya nace sai na samo masa kujerar kusa da direba don ya riƙa nuna masa hanya, wai ya taɓa zuwa.

Shekarar da aka rufe iyakar Nijar, tikiti kuma ya yi tsadar da ko alhazai sai su tambaya su yi dariya su fita, ita ce muguwar shekararmu. Wata biyar ba mu yanki tikitin ƙasar waje ko ɗaya ba. Muka koma cajin waya da hoton fasfo da buga katin biki. Kawu ya cire batirin agogon Dubai ya sa a rediyo, Dubai ta tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma har damina. Gizo-gizo ya yi saƙa tun daga Indiya har Ostareliya a jikin ƙwallon duniya.

Amma a wannan shekarar na koyi aiki. Da yake babu mai zuwa, Kawu sai ya riƙa ƙirƙiro min matafiya. Yana kishingiɗe a benci zai ce, "Mutum ya tashi Legas tara na dare, ya yi awa takwas zuwa Dubai. Ƙarhe nawa can?" In na yi jinkiri ya jefo min hula. Shi ya nuna min cewa akwai jirgin da ke tashi daga Singafo ya nufi New York, ya yi kusan awa goma sha tara bai taɓa ƙasa ba. Na ce Kawu wannan in ka shiga da aski sai ka fito da gemu. Shi ya koya min kada in haɗa wa mutum jirgi biyu da tazarar da ba ta kai awa biyu ba, don filin jirgi na manyan ƙasashe ya fi garin Bagudo faɗi, kuma tsoho ba ya gudu da buta a hannu. Ya kuma koya min abin da ya fi komai, cewa jirgi ba ya sauka a ƙofar gidan kowa. Lissafi daga ƙofa yake farawa, a ƙofa yake ƙarewa.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo ne ranar wata Laraba cikin damina, bayan an buɗe iyaka. Kawu ya tafi Birnin Kebbi da wasu masu neman fasfo, wayarsa a kashe, ni kaɗai ne a shago. Wajen sha biyun rana sai ga Baba Manu, dattijo manomin shinkafa na unguwarmu, tare da babban ɗansa Yaya Bello, direban motar haya.

Ƙanen Yaya Bello, Haliru, yana birnin Gwanzu a Caina. Maigidansa ɗan kasuwa ne ya tura shi can wata takwas da suka wuce don ya riƙa haɗa masa kaya yana lodawa. Haliru da matarsa Saratu sun yi shekara tara da aure ba haihuwa. Asabar ɗin da ta wuce Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Suna kuma ranar Asabar mai zuwa ne da sassafe, kuma kun san suna ba ya jiran kowa. Maigidan ya ce Haliru ba zai motsa ba sai an rufe kwantenar da suke lodi ranar Alhamis da yamma. In har zai iya riskar suna, ya yarda ya biya masa jirgi. In ba zai riska ba, ya zauna sai bayan Babbar Sallah ya zo gaba ɗaya.

Yaya Bello ya ajiye min wayarsa a tebur. Haliru ya turo hoton wani tikiti da ya gani, daga Gwanzu zuwa Adis Ababa, daga nan zuwa Abuja.

"Ba sayen tikiti munka zo ba," in ji Yaya Bello. "Baba ne ya matsa sai an tambayi Sani. Ni na riga na gama lissahi. Jirgi zai tashi sha biyu da rabi na dare, wayewar Juma'a. Tahiya kusan awa ashirin. Sha biyu da rabi a ƙara ashirin, takwas da rabi na daren Juma'a ke nan yana Abuja. Wa zai kama hanyar Kontagora da dare? Sai Asabar da sahe. Kahin ya iso Illo an cinye rago an wanke tukunya."

Na ce, "Yaya, ai ga lokacin sauka nan a rubuce, da rana ne."

"Na gani. Injin ne ya ruɗe. Ta yaya mutum zai yi awa ashirin tsakanin sha biyun dare da azahar? Shekara goma sha biyar ina tuƙi, yaro. Awa ba ta raguwa."

Baba Manu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Shi ke nan. In bai zo ba ni zan raɗa ma yaro suna. Usmanu za a sa mai."

Duk mai suna Usmanu a wajenmu Manu ake kiransa, kuma a gidan nan akwai Manu huɗu da ma. In ka tsaya a zaure ka kira Manu, har kaji sai sun waiwayo. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Na san Haliru. Shi ne mutumin da duk sunan da aka yi a unguwa shi ke riƙe ƙafar rago, shi ke raba goro, shekara tara, yana dariya ana ce masa saura naka.

Na ce a ba ni minti goma. Yaya Bello ya ce in Sani ba ya nan su za su tafi. Baba Manu ya ce, "Zauna, Bello. Ruwa ake yi ma, ina za mu?"

Na hau benci na sauko da agogo biyu, namu da na Caina, na shimfiɗa su a tabarma gaban Baba Manu. Namu yana sha biyu da 'yan mintuna, na Caina yana bakwai da 'yan mintuna. Na kira Haliru da layin Benin, na sa a amsa-kuwwa.

"Yaya Haliru, wace salla ka yi yanzu?"

"Magariba za mu yi, Nafi'u. Mi ya faru? Saratu lahiya?"

"Lafiya lau. Baba, ka ji. Mu ko azahar ba a kira ba."

Yaya Bello ya ce, "Wannan kowa ya sani. Can dare, nan rana. Mi ya haɗa shi da awa ashirin?"

Na cire batiran agogon biyu. Na murza na Caina na kai shi sha biyu da rabi na dare, lokacin tashin jirgi. Na ce to a wannan lokacin ƙarfe nawa ne a Illo, a cire bakwai. Na murza namu na kai shi biyar da rabi na yamma.

"Baba, lokacin da jirginsa zai ɗaga, mu nan Alhamis ce, ka dawo daga gona ke nan, ko magariba ba a yi ba. Yanzu Yaya Bello, riƙe na Caina, ni in riƙe namu. Mu murza tare, awa ashirin. Kai ka ƙirga, tunda kai ne direba."

Ya karɓa yana taɓe baki. Muka fara murzawa yana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku. Masu cajin waya suka matso, mai shayin ƙofar shagonmu ya baro tukunyarsa. Da muka kai ashirin na ce ya karanta nasa.

"Takwas da rabi na dare. Abin da na ce."

"Baba, karanta namu."

Baba Manu ya sunkuya ya kanne ido. "Ɗaya da rabi."

"Na ranar Juma'a," na ce. "Yaya, lissafinka daidai ne, sai dai a Caina ka bar shi. To liman da wane agogo zai zo suna, wancan ko wannan?"

Yaya Bello ya dubi agogon da ke hannunsa, ya dubi na ƙasa, ya sake ƙirgawa a yatsu yana motsa leɓe. Baba Manu ya rigaye shi ganewa. Ya ce, "Wato yaron nan yamma zai nuho, yana bin rana a baya. Ita tana gudu shi yana gudu." Na ce Baba da kai ne a shagon nan da Kawu ya kore ni tuntuni.

Yaya Bello bai saduda ba, kuma yana da gaskiya. Ya ce ko da azahar Haliru ya sauka Abuja, kafin ya fito, kafin ya sami mota, la'asar ta yi, kuma hanyar ta fi awa goma sha biyu. Daren dai da ake gudu shi za a shiga.

Nan ne na ɗauko taswirar da ke bayan ƙofa da jan zare. Na kafa yatsa a Illo na ja zuwa Abuja, na ƙulla. Na sake kafawa a Illo na ja zuwa Yamai, babban birnin Nijar. Zaren bai kai ko kusa da ƙullin farko ba.

"Wa ya ce dole sai Abuja? Daga Adis Ababa akwai jirgin da ke zuwa Yamai da safen nan, shi ma da azahar yake sauka. Agogonsu da namu ɗaya ne. Fasfonmu yana shiga ba biza. Yaya, daga Yamai zuwa Gaya awa nawa ne?"

Sai ga fuskar Yaya Bello ta canza, don an shigo gonarsa. "In ni ke tuƙi, huɗu da rabi. In wani ne, biyar da rabi. Dosso kawai ake tsayawa."

"Daga Gaya zuwa bakin kogin da ake ƙetarowa wajenmu?"

"Bai kai awa guda ba. Amma masu kwalekwale ba su ƙetarewa Lolo in rana ta hwaɗi."

"To ku kwana Gaya, ku yi asuba a bakin ruwa. Daga Lolo zuwa nan aikin mashin ne."

Yaya Bello ya ce, "Ku kwana? Ni da wa?"

Baba Manu ya ce, "Kai da ƙanenka. Gobe ka kama hanyar Yamai."

Sai na zo kan danna tikitin Yamai. Ban taɓa yankar tikitin ƙasar waje Kawu ba ya tsaye a kaina ba. Na duba sunan Haliru harafi-harafi da na fasfonsa har sau uku. Na duba tazarar Adis Ababa, awa uku da wani abu, ta isa. Maigidan ya turo kuɗi, na danna, sabis ya ɗauke. Na fita da kwamfuta a ka cikin yayyafi, mai shayi yana bina da laima, har gindin tsamiyar da ke bayan masallaci inda sabis ɗin Benin ya fi ƙarfi. A can tikitin ya fito.

Na rubuta wa Haliru takardar hanya mafi kyau da na taɓa rubutawa, na ɗauki hotonta na tura masa. Gwanzu zuwa Adis Ababa kilomita wajen dubu takwas, kusan awa goma sha ɗaya a zaune, ka riƙa tashi kana taka ƙafa. Adis Ababa zuwa Yamai wajen dubu huɗu, kusan awa shida. Katin rigakafinka ya kasance cikin fasfo. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa jakar hannu kaɗai zai riƙo.

Nan take ya kira. "Nafi'u, na sayi gadon jariri da keken koyon tahiya da bargo huɗu."

"Yaya, yaron kwanansa huɗu a duniya, ina zai je da keke? Ka sa su a kwantena. In ka ba da kaya a cikin jirgi, sai ka tsaya jiransu awa guda a Yamai, in ma sun biyo ka ke nan. Awa gudan nan ba mu da ita."

Ya ce ko bargo ɗaya. Na ce ya yafa shi a wuya.

Kawu ya dawo da yamma. Na ba shi labari, ya karɓi tikitin ya duba, ya dubi takardar hanya, ya dubi agogo biyun da na mayar bango a karkace. Bai ce na yi daidai ba. Ya ce, "Ka gyara min agogo," sannan ya aika aka sayo min tsire.

Ranar Juma'a na yini ina bin jirgin a waya kamar mai kiwon tsuntsu. Na Gwanzu ya sauka lafiya. Na Yamai kuwa ya yi jinkirin awa ɗaya da rabi kafin ya tashi. Duk wanda ya wuce ƙofar shago sai ya leƙo ya ce, "Ɗan Sani, ina yake yanzu?" In ce yana saman Sudan, in ce yana saman Cadi. Wata tsohuwa ta ce in gaya masa ya yi addu'a tunda yana kusa. Ƙarfe uku ya sauka, da bargo a wuya. Huɗu saura suka bar filin jirgi, shi da Yaya Bello. Sun shiga Gaya bayan isha'i, suka kwana gidan wata gwaggonsu.

A lissafina, in sun yi sallar asuba a bakin ruwa, kwalekwalen farko ya ƙetare da Haliru, zai iso ƙofar gida ƙarfe bakwai. Suna a unguwarmu bakwai ake yi. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne damina. An kwana ana ruwa, kowa yana son ya tafi gona, liman ma yana da dashen shinkafa. Shida da rabi sai ga shi da carbi a hannu, maza sun cika tabarmi, an fara zagayawa da goro da dabino.

Na kira Haliru. Ya ce sun ƙetare, yana bayan mashin, taɓo ya riƙe su sau biyu.

Liman ya ce, "Malam Manu, a kawo rago mu rage hanya."

Baba Manu ya dubi hanya, ya dube ni, ya ce a ɗan ƙara raba goro. Aka ƙara. Liman ya sake cewa a kawo rago.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Kawu. Na zagaya bayan gida inda aka ɗaure ragon a turke. Babban rago ne fari mai ƙaho, wata uku ana ba shi dusa yana neman wanda zai tunkuya. Na tsuguna kamar mai gyara takalmi, na sassauta igiyar, na buɗe ƙyauren baya, na ɗan murɗa masa wutsiya.

Ban taɓa ganin jirgin da ya tashi da irin wannan saurin ba. Ya bi ta kan mai wanke-wanke, ya tsallake turmi, ya shiga gonar masarar maƙwabta. Samari goma sha biyu suka bi shi, da Manu uku a cikinsu, ni ma na bi ina ihu fiye da kowa, ina nuna musu inda bai bi ba. Liman ya zauna yana jan carbi yana cewa ragon nan ya san abin da ake ciki. Sai da aka yi minti ashirin da biyar kafin a kama shi a bayan injin niƙa, a jawo shi mutum huɗu suna haki.

Ana shigowa da shi ta wannan lungu, mashin yana shigowa ta wancan. Haliru ya diro tun kafin a tsaya, taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya, bargo a wuya. Mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida. Baba Manu bai tashi ba, ya dai miƙa masa hannu ya ce, "Ka iso?" Haliru ya ce, "Na iso, Baba." Ya ce, "To matsa kusa da malam, mutane na son zuwa gona."

Haliru ya tsuguna ya raɗa wa liman suna a kunne. Ni na matso gaba na gyara hula, don a ganina in akwai adalci a duniya Nafi'u za a ce. Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a, aka shafa, mai shela ya miƙe ya ce yaro ya ci sunan Abubakar, sunan mahaifin Saratu.

An yanka ragon bakwai da minti goma. Wannan karon wani ne ya riƙe ƙafar, Haliru yana cikin ɗaki da ɗansa a hannu.